Audugar Teku da Ƙafar Baffa Audu

Tun da na dawo daga Doguwa ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayi sai wani ya jawo benci, wai ya ji an kama ni da ƙwaya a dajin Falgore. Wani kuma cewa aka yi masa na zagi baffana. Har hedimastan makarantar da nake koyarwa, wanda ba ya shiga sabgar kowa, ya tsare ni a bakin aji yana tambaya. Na gaji da gyara labarin da aka riga aka cika wa gishiri, shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru.

Baffa Audu ƙanin mahaifina ne, shi kaɗai ya rage mana a iyaye maza. Lokacin da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye tsohon garinmu, kafin a haife ni, dangi suka dawo inda muke yanzu a ƙasar Bebeji suka kama su da noman rani. Shi kuwa ya ce ba zai zauna yana kallon ruwan da ya rufe kabarin mahaifiyarsa ba. Ya yi kudu, ya sauka a wani ƙauye a bayan Doguwa, ya yi gona, ya yi iyali, har ya zama ladanin masallacinsu. Yana zuwa mana ziyara, amma ni ban taɓa taka garinsu ba sai wannan karon.

Yana da ciwon suga. Da damina ta fara ya taka kututturen masara a gona, ciwo ya zauna masa a gefen diddigen hagu ya ƙi warkewa. Aka kai shi asibiti a Kano, likita ya wanke ciwon ya ba shi magungunan sha, ya sa masa ranar dawowa, ya kuma faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa idan ya dawo babu sauyi za a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Baffa ya ƙi kwanciya a gadon asibiti, ya koma gida. Hauwa, 'yar yayata, nas ce a wannan asibitin na Kano. Ita ta yi ta faɗi-tashi har ta samo wata irin audugar ɗaure ciwo da likitan ya ambata, ta haɗa shi da ita. Bayan ɗan lokaci Malam Yohanna, ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauyen, ya bugo mata waya cewa yana sa audugar yadda aka ce, amma ciwon ƙara ci yake yi.

Hauwa ta zo gida da ragowar guda huɗu da ta iya samu, kowace a rufe cikin takarda mai ƙyalli. Ta yi mini bayani cewa a ido kamar auduga take, amma zarenta daga wani ganye da ke fitowa a cikin teku aka yi shi, kuma an cusa magani a cikin zaren kansa. Idan ruwan ciwo ya taɓa shi sai ya kumbura ya yi yauƙi, ya riƙa sakin maganin kaɗan-kaɗan na tsawon kwanaki, shi ya sa ba a buɗewa kullum. Na ce wato kamar takin da nake binnewa a gindin tumatir, ban-ruwa na narkar da shi a hankali, in kuwa ambaliya ta zo ta kwashe shi rana ɗaya. Ta ce haka ne, shi ya sa ruwa ne babban abokin gabarta.

"Kawu, ka je da kanka ka zuba ido," in ji ta. "Akwai abin da ke faruwa da audugar nan a gidan, kuma ba a faɗa mana."

Ni ɗan masunta ne, na san yadda ake tsare kaya daga ruwa. Na nannaɗe su a leda, na sa a gindin wani bokitin fenti mai murfi, na ɗora ƙullin busasshen kifi a kai don tsaraba. Matata ta ce in raba kifin da maganin. Na ce mata ta bar ni da tsarina, ita ba ta taɓa wuce Kwanar Dangora ba.

A Kwanar Dangora aka fara. Hadari ya haɗo ta gabas, kwandasta kuma ya rantse sai dai a ɗaure bokitin a saman mota tare da buhunan albasa. Na ce sai dai a ɗaure mu tare. Muka yi ta cacar baki har fasinjoji suka sa baki, a ƙarshe na rungume abina a cinya. Wata Hajiya da ke kusa da ni, mai sayar da atamfa, ta toshe hanci da gyale tana cewa wasu mutane ba su da tausayi, a rufe mota da bayin Allah a cika ta da ƙarnin kifi. Ta ciro turare ta fesa wa bokitin, ta ɗan haɗa da ni. Wani dattijo a baya, Alhaji Tanimu, dillalin shinkafa a Tudun Wada, ya yi ta dariya yana cewa da ganin yadda na riƙe shi, ba kifi ne kaɗai a ciki ba. Na kau da kai na share shi, don raina ya riga ya ɓaci.

Kafin Tudun Wada motar ta yi zafi ta mutu. Direba ya buɗe gaba yana zuba ruwa, ya koma yana hura wani ƙarfe da baki, mu kuma muna tsaye a gindin ɗorawa muna kallon rana tana sauka. Da muka lallaɓa muka shiga gari la'asar ta yi sanyi, kuma babu direban da zai shiga dajin Falgore a wannan lokaci ko me za ka ba shi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina roƙo. Wani ya dube ni ya ce shi ma yana da iyali. Na tsaya a tasha da bokiti a hannu ina tunanin ƙafar da ke ruɓewa a ƙetaren dajin, ga maganinta a wurina.

Alhaji Tanimu ne ya ja ni gidansa, mutumin da na share a mota. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo shinkafa da wake da mai da yaji. Shinkafarsu tana da daɗi, ba zan ɓoye ba, amma mu a gida ko kan kifi ne sai an jefa a kai, su kuwa haka suke cinta tsirara suna lumshe ido. Da safe na dawo daga masallaci na tarar babu bokiti. Gida ne na kulle, ba dama in kutsa, Alhaji kuma ya tsaya gaisawa da maƙwabta. Na yi ta safa da marwa a ƙofa ina jin ƙarar guga da zubar ruwa daga ciki, ina raya cewa an juye kayana an ɗebi ruwa da shi. Ashe mage ce ta dame shi, uwargida ta sa aka shigar da shi aka rataye a ƙusa. Aka fito mini da shi ko murfin ba a taɓa ba, tare da kwanon koko da ƙosai. Na sha kokon cikin jin kunya.

A bakin dajin motoci suka tsaya suna jiran juna, don ba a son shiga ɗaiɗai. Hajiya mai turare ta sake faɗowa motarmu, da alama ita ma a garin ta kwana. Da muka shiga, direba ya kashe rediyo. Hanya ce mai tsawo ba gida ba gona, sai itatuwa da ciyawa da ta fi mutum tsayi, kuma kowa a motar ya san labaran da ake bayarwa a kanta. Babu mai magana, sai motsin leɓe da ƙarar carbi. Ni kaina na karanta duk abin da na haddace, na sake komawa farko.

Muna cikin haka muka iso shingen masu kaki, yayyafi ya fara sauka. Wani matashi a cikinsu ya leƙo ya nuna bokitin ya ce in sauko da shi. Ya buɗe, ya ɗaga kifin, sai ga ƙullin leda, a cikin ledar ga takardu masu ƙyalli da rubutun waje. Ko ni ne a matsayinsa abin da zan zata ke nan. Ya tambaye ni me ya sa na ɓoye su a ƙarƙashin kifi. Na ce ba ɓoyewa na yi ba, tsarewa na yi, ya ce duk haka suke faɗa. Na ciro waya in kira Hauwa, babu sabis ko ɗigo. Na roƙe shi da girman Allah kada ya buɗe, domin in iska da hannu suka taɓa ta ta tashi daga aiki. Roƙon nan shi ya ƙara masa zargi, ya yage ɗaya.

Farar aba ce ta fito, shimfiɗaɗɗiya kamar tafin hannu. Ya shinshina, ya murza. Yayyafin na sauka a kanta, ina kallo ta kumbura ta saki jiki ta koma yauƙi a tsakanin yatsunsa, kamar an jiƙa kuɓewa. Ya yarfe hannu ta faɗi a laka. Ban san lokacin da na ce masa ya zubar da kwanakin ƙafar wani tsoho ba, kuma da ƙarfi na faɗa.

Direba ya ga abin zai ja, sauran motoci kuma sun fara nisa, sai ya tayar da mota zai bar ni. Hajiya ta buɗe ƙofa ta sauke ƙafa ɗaya a ƙasa, ta ce wallahi ba inda za a je a bar bawan Allah a tsakiyar daji, in ya isa ya ja ta a haka. Hayaniyar ta jawo babbansu, wani mai furfura a gemu. Ya saurare ni har ƙarshe, ya juya takardar ya karanta, ya tambaye ni ko ciwon suga ne. Ya ce mahaifiyarsa ma da shi ta rasu. Ya mayar da ukun cikin leda da hannunsa, ya ba ni haƙuri, ya ce in daina haɗa magani da kifi. Na koma mota. Hajiya ta miƙo mini goro ba tare da ta dube ni ba, ta kuma sake toshe hancinta.

Doguwa wata duniya ce. Ga duwatsu, ga sanyin da ke sa mutane yawo da rigunan sanyi da rana tsaka, ga dankalin turawa tuli-tuli a bakin titi kamar yadda muke tara tumatir. A tasha na ji ana wani yare da ban gane ko kalma ɗaya ba, sai kuma mai maganar ya juyo ya gaishe ni da Hausar da ta fi tawa. Daga nan babur na hau. Muka tarar da wani rafi ya kawo, ɗan acaɓa ya tura babur ɗinsa, ni kuma na naɗe wando na ɗora bokiti a ka na ratsa. Ruwan bai kai wanda nake shiga kullum a gida ba, amma ban taɓa jin tsoron santsi kamar ranar ba.

Na sami Baffa a zaure a kan buzu, ya rame, ƙafar na miƙe a gabansa. Tun daga ƙofa warin ya tare ni. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda na manta da su, ya ce jiki da sauƙi. Bayan azahar Malam Yohanna ya zo da jakarsa. Mutum ne mai sanyin magana, Kirista ne ɗan yankin, kowa Likita yake ce masa. Da ya kwance bandejin sai na kau da kai, sannan na tilasta wa kaina na duba. Audugar da ke ciki ta zama 'yar yaloluwa, ta yayyage, ba ta yi kama da wadda ta kwana tana aiki ba. Ya wanke ciwon, ya yanka sabuwa daidai faɗinsa, ya shimfiɗa, ya rufe, ya ɗaure. Ya ce kada ruwa ya taɓa, kada a buɗe sai ya dawo. Baffa ya ce to, Likita, in Allah ya yarda.

Da na raka shi waje ya rage murya ya ce mini ɗaurin da ya kwance ba nasa ba ne, kuma ba yau ya fara lura ba. Ya tambaya, an ce masa ba komai, shi kuma ba zai iya tsare dattijo da tambaya a gidansa ba.

Na koma na zauna gadi. Masu dubiya suka yi ta shigowa, kuma a nan ba su bambanta da mu ba, kowa da maganin da ya warkar da wani ƙanin kakansa. Wani ya kawo garin sassaƙe, wani ya ce a ɗan buɗe ya gani, na ba shi amsar da ta sa ya tafi ba sallama. Inna Dije, matar Baffa, ta kawo mini tuwon masara da miyar karkashi, ta sa kifin da na kawo kaɗan-kaɗan kamar mai sa zinariya. Ita na fi zargi, don na san iyayenmu mata da gasa ciwo da ruwan zafi. Na zagaya na tambaye ta. Ta sunkuyar da kai ta ce ita dai hannunta bai taɓa wurin ba, amma in ina son sani kada in yi nisa idan la'asar ta yi.

La'asar ta yi, Baffa ya dogara sanda ya ɗauki buta ya zagaya bayan zaure, inda yake da wani faffaɗan dutse na alwala. Na bi shi na tsaya a jikin katanga. Ya wanke hannu da baki da fuska, ya shafi kai, ya wanke ƙafar dama. Sai ya jawo ta hagu ya ɗora a kan dutsen, ya zare ƙullin bandejin, ya fara warwarewa yana naɗe shi a kan gwiwa cikin natsuwa, kamar wanda ya saba. Ban yi shawara da kaina ba, na taka na riƙe masa hannu. Tunda nake ban taɓa riƙe hannun Baffa ba sai a gaisuwa.

Ya dube ni ya ce lafiya. Na tambaye shi ko haka yake yi kullum. Ya ce kowace salla. Yana cire audugar a hankali, ya wanke ƙafar, ita ma ya ɗauraye ta saboda tana yin wani yauƙi kamar mugunya, ba zai yi salla da shi ba, sannan ya matse ta ya mayar. Ya ce maganar Likita bai karya ta ba, ba ya wanka da ƙafar, ba ya shiga ruwan sama, amma ai ba wanda ya ce masa ya bar alwala. Malam Yohanna ba ya alwala, ba laifinsa ba ne da bai kawo ta a ransa ba. Amma ni da Hauwa, da muke yinta sau biyar a rana, ko sau ɗaya ba ta zo mana ba. Maganin da aka tsara ya yi kwanaki yana fita, Baffa yana aika shi cikin ƙasa kafin la'asar ɗin ranar farko.

Na ce masa ai shari'a ta yarda a shafa a kan ɗauri. Ya ce ya karanta wannan babin tun ba a yi auren uwata ba, sauƙi ne da aka yi wa wanda ba zai iya ba, shi kuwa yana iyawa.

"Ni da nake kiran mutane salla," in ji shi, "in tsaya gaban Ubangiji da ƙafa ɗaya a bushe?"

Na tuna wadda ta narke a laka, na tuna uku ne suka iso, ga ɗaya a ƙafarsa saura zagaye biyu ya kai gare ta. Zuciya ta ɗebe ni.

"Baffa, in suka yanke ta, wacce za ka wanke?"

Wannan ita ce maganar da ake cewa zagi. Ya daɗe yana kallona, ni kuma na kasa sakin hannunsa, na kasa ɗaga ido. Ana jin muryoyin mutane a ƙofar masallaci suna jiran kira. Ya zare hannunsa. Na kai nawa zan gyara ɗaurin, ya ture shi. Shi da kansa ya mayar da bandejin zagaye bayan zagaye ya ƙulle. Ya zuba ruwa a tafinsa, ya yarfe, ya shafa a kan ɗaurin sau ɗaya. Ya tashi ya bar butar a wurin. Da ya yi kiran sallar muryarsa tana rawa, har liman ya tambaye ni daga baya ko jikin ne ya motsa.

Na ƙara kwanaki a garin, kuma ba su yi mini daɗi ba. Duk lokacin da ya ɗauki buta ina bayansa kamar ɗan doka, yana sane, bai kuma taɓa waiwayowa ba. In na gaishe shi ya amsa, daga nan babu ƙari. Na faɗa wa liman abin da ake ciki, ya zo suka daɗe a zaure su biyu. Ranar da Malam Yohanna ya dawo ya buɗe, audugar ta yi yauƙin nan ta kwanta a kan ciwon. Ya nuna wa Baffa ya ce wannan ba mugunya ba ce, alamar tana aiki ke nan. Warin ya ragu, gefen ciwon ya fara ja. Na yi hamdala a fili. Da zan tafi Inna Dije ta cika mini bokitin da dankali tana share ido, shi kuwa ya ce Allah ya kiyaye hanya yana kallon bango. Na ratsa Falgore a dawowa ban ma lura da dajin ba.

Ranar komawarsa asibiti ina cikin aji waya ta yi ƙara. Hauwa ce. Ta ce likita ya duba, ya ce nama ya fara tasowa, ba za a yanke ba, amma da sauran tafiya kafin ya rufe. Sai ta ce ga Baffa. Na fita bayan aji na durƙusa a ƙasa, kamar yana ganina.

"Garba."

"Na'am, Baffa."

"An bar mini ita. Sun ce in ciwon ya rufe zan iya wankewa. Ranar da zan fara wanke ta, kai za ka zo ka zuba mini ruwan."

Na ce to, Baffa. Bai jira ƙari ba, ya miƙa wa Hauwa wayar.

To, masu tambaya, abin da ya faru ke nan. Ba a kama ni da ƙwaya ba, kuma abin da na faɗa wa baffana kun ji shi da bakina. Bokitin na wanke shi yana rataye a ɗaki, matata ta ce wannan karon kifin a jaka daban zai tafi, na ce na ji. Kiran Malam Yohanna kawai nake jira, ya ce ciwon ya rufe.